Kwana bakwai kafin suna: wa ke da magana a ɗakin maijego?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in yi magana a kan yadda muke wayar da kan jama'a game da haihuwa da renon jinjiri a nan jihar Tawa. Na yi shekaru ina aikin saji-fam, wato ungozomar likita, a gidajen likita na karkarar Adar kafin in ajiye aiki, kuma abin da na daɗe da lura da shi shi ne, dukan gargaɗinmu a kan yarinya mai ciki yake ƙarewa, alhali a makon da ya fi kowane mako haɗari a rayuwar ɗanta, ita ce wadda ba a jin maganarta a gidan.

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan likita ranar awo ya ga abin da nake nufi. Mata na jere a kan benci, kowace da karnenta, wato takardar awo, a hannu, ma'aikaciya na tsaye tana bayani cewa a sa jinjiri a nono cikin sa'ar farko, kada a ba shi ruwa sai ya cika wata 6, kada a yi masa wanka sai ya kwana ya yini, kada a shafa wa cibiya komai. Su kuwa su ce to, su karɓi maganin ƙarin jini da Fansidar na zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro, su watse. To amma yarinya mai cikin fari, idan watanninta suka yi nisa gidan iyayenta take komawa goyon ciki, kuma kunyar ɗan fari ba ta barin ta ta nuna ta damu da abin da ta haifa, balle ta tsaya jayayya a kansa. Daga lokacin da aka yanke cibiya jinjirin ya koma hannun kakarsa da ungozoma da gwaggonni. Idan ta yi ƙarfin hali ta ce saji-fam ta hana, amsar da za ta samu sananniya ce: "Mu da muka haife ki muka rene ki har kika kawo yau, da karne muka yi?" Daga nan bakinta ya mutu. Wadda ta haihu a ɗakin mijinta ma ba ta tsira ba, domin can uwar miji ce mai yanke magana.

Dalilin da ya sa na ware wannan mako shi ne alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 jarirai kimanin miliyan 2.3 suka rasu a duniya kafin su cika kwana 28, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan rashi cikin kwana bakwai na farko yake faruwa, ranar haihuwar kanta ta fi kowace rana tsanani. A wurinmu waɗannan kwanaki su ne tsakanin haihuwa da suna, lokacin da maijego ba ta fita, ƴan barka na shiga suna fita, hankalin angon ƙarni kuma ya tafi ga rago da goro da tufafin fitar suna. Binciken ƙasa na 2012 ya ce matsakaicin haihuwar macen Nijar ƴaƴa 7.6 ne, na 2021 ya ce 6.2, ke nan kowane gida yana ratsa wannan mako sau da yawa, kuma kusan kullum a ƙarƙashin jagorancin tsohuwa ɗaya.

Ba na cikin masu zagin kakanni, domin na san irin wahalar da suke sha. Su ke kwana a zaune da jinjiri mai kuka, su ke hura wutar asuba, su ke wanke zannuwan biƙi da ba wanda zai taɓa. Abin da suke yi da ƙauna suke yin sa, bisa ilimin da suka gada, sai dai a cikin gadon akwai abubuwan da ke kashewa. Na farkonsu wankan gaggawa. Da zarar mabiyiya ta faɗi sai a ɗauki jinjiri a dirje shi da soso da sabulu don a cire farin maiƙon da ya fito da shi, wai idan an bar shi zai tashi da ƙarni har girmansa. Maiƙon nan kariya ne ga fatarsa, kuma jinjiri sabuwar haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, musamman wanda aka haifa da dare cikin ɗarin Disamba da Janairu, ko bakwaini, ko wanda bai kai kilo biyu da rabi ba. Abin da yake bukata a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata na taɓa fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya likitoci suka soma renon bakwaini ta wannan hanya a 1978 saboda ƙarancin kwalbar ɗumama jarirai, yau kuma duniya ta karɓe ta. Ga mutanen da suka gaji goyo kaka da kakanni, maido ɗa daga baya zuwa ƙirji ba abin da zai gagara ba ne, in dai an nuna wa mai ɗaura zanen yadda ake yi.

Maganar dakashi ta fi wannan nauyi. Har gobe akwai gidajen da ake matse nonon farko a zubar, saboda kaurinsa da launinsa na rawaya sun sa ana ɗaukarsa gurɓatacce. A wasu wuraren ana tatsa kaɗan a jefa tururuwa a ciki, idan ta fita an ce nonon na da kyau, idan ta mutu an ce mugu ne, sai an wanke shi da magani. A kwana biyu ko ukun da ake wannan jira, jinjirin na shan ruwan ɗumi da sukari, ko madarar akuya, ko bauri, ko rubutu, yawanci da ruwan randa da cokalin da ya bi hannu da yawa. Dakashin da aka zubar kuwa shi ne ke ɗauke da garkuwar da jikin uwa ya tanadar wa ɗanta, shi ke shafe hanjinsa ya kare shi daga zawo, shi ke taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Ƙarancinsa ba aibi ba ne, domin cikin jinjirin kwana ɗaya ɗan mitsitsi ne, kuma tsotson da yake yi shi ke kiran nonon ya kawo. Tsotson nan yana yi wa uwar ma amfani, saboda yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Duk kakar da na zauna da ita na yi wa wannan bayani na ƙarshe, na ga ta fi saurara, domin kowace tsohuwa a Adar ta san wata da jini ya tafi da ita.

Sai batun ruwa. Idan Afrilu da Mayu suka kama, zafin Tawa ya haura digiri 40, ba abin da ya fi wuya irin ka shawo kan tsohuwa cewa jinjirin da take gani yana gumi ba ya bukatar ruwa. A ganinta hana shi ruwa rashin imani ne. Amma kusan kashi tara cikin goma na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabtar da ba rijiya ko famfon da zai ba da irinsa. Ƙishirwar jinjiri a nono ake kashe ta, ruwan kuwa uwar za a dinga miƙa wa ta sha ta ƙoshi. Haka nan rubutu. Na san wannan wuri ne da ake taka-tsantsan, kuma ni ba malama ba ce, amma abin da ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne tauna ɗan dabino a goga a dasashin jinjiri, wanda ya sha bamban da ɗura masa moɗa guda ta ruwan allo. Idan gida na son albarkar rubutu, uwar ta sha, a tofa wa yaron addu'a. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, saboda haka malamanmu na da hujjar da za su tsaya a kai idan suka ga dama su taya mu wannan magana.

Cibiya ita ma tana shan hidimar da ba ta nema ba. Ana gasa ta da tsumma mai zafi ko tsingaron kasko, ana shafa mata man shanu ko toka, yanzu har man goge haƙora ya shigo, duk don ta yi saurin faɗuwa kafin suna. Cibiya ɗanyen rauni ce mai hanya kai tsaye zuwa jinin yaro. A 2016 aka tabbatar da cewa Nijar ta shawo kan tetanos na uwa da jinjiri, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe muƙamuƙi, kuma allurar da ake yi wa mata wajen awo ce ta kawo wannan nasara. Sai dai ƙwayar cutar na nan cikin ƙasa da kashin dabbobi, ba inda ta tafi, ga kuma sauran cututtukan da ke shiga ta cibiya su bi jini. A yanke ta da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta, a bar ta ta bushe a sarari, in kuwa dole sai an shafa wani abu, to a tambayi maganin kuloreksidin a gidan likita.

Game da wanzami, ra'ayina a fili yake: cire beli ba shi da wani amfani ga jinjiri. Belin halitta ce da kowane ɗan Adam ke zuwa da ita, ba ta hana shan nono, ba ta girma ta toshe maƙogwaro. Abin da ke biyo bayan cire shi shi ne zubar jini a cikin bakin da ba a iya danne shi, da zafin da ke hana yaro tsotso na kwanaki, da cutar da ƙarfen da ya shiga bakin wani zai iya ɗaukowa. Amma wanzami sana'arsa ce ta gado, da ita yake ci da iyalinsa, kuma yana da kima a gari fiye da kowane ma'aikacin da aka turo daga nesa. Duk shirin da ya mai da shi abokin gaba ba zai kai ko'ina ba. Maigida na iya kiran wanzamin gidansu ranar suna, ya yi aski da sabuwar reza, a ba shi hakkinsa cikakke da kasonsa na nama kamar yadda aka saba, a ce masa beli dai an yafe. Na ga gidajen da suka yi haka, ba a ɓata da kowa ba.

Maijego kanta akwai abin faɗa a kanta. Jego al'ada ce mai alheri da yawa a cikinta, domin kwana arba'in na hutu, da abinci mai kyau, da kauri da yaji, da mutane kewaye da ita, abubuwa ne da jikin mai haihuwa ke bukata. Inda gizo ke saƙa shi ne tafasasshen ruwan da ake fyaɗa mata da ganye safe da yamma, da kunun da ake cika wa kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da zafin wanka da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, sau da yawa cewa ake yi sanyi ya shige ta saboda wankan bai gasu ba, sai a ƙara wuta a ƙara kanwa. Wannan mace gidan likita take bukata a ranar. Haka wadda kanta ke sarawa idonta na ganin dishi-dishi, domin jijjiga na iya kama mace ko bayan ta sauka, haka wadda zazzaɓi ya rufe ko jinin biƙinta ke wari. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kunu kuma ba ya rasa daɗi don an rage masa kanwa.

Zubar jini kuwa ba ya jiran shawara. A nan ƙasarmu ta yi abin da ya kamata a san da shi, domin tsarin da aka shimfiɗa a gidajen haihuwa, na ba da ƙwayar misoporostol, sannan a sa balan-balan cikin mahaifa idan jinin bai tsaya ba, sannan a ɗaure mace cikin rigar matse jiki a kai ta inda za a ƙara mata jini, ya rage mutuwar mata ta dalilin zubar jini da fiye da rabi tsakanin 2015 da 2020, kamar yadda mujallar likitanci ta Lancet Global Health ta buga a 2023. Kayan aikin masu araha ne, amma duk suna gidan likita, ba za su amfani wadda ke durƙushe a ɗaki tana ɓoye naƙuda don kada a ce ta yi raki ba.

Wannan ya kawo ni ga maza. Adar ƙasar bida ce, da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanyar Abijan ko Libiya ko Najeriya, su bar mata da ciki. Na taɓa karɓar wani jinjiri ɗan kwana biyar da aka kawo a kan amalanke bayan la'asar, lulluɓe cikin zannuwa uku, jikinsa sanyi ƙalau, gindin cibiyarsa ya yi ja ya kumbura. Tun rana ta uku ya daina kama nono. Uwar, yarinya ƙarama, ta gani ta faɗa wa uwar mijinta, aka ce a bari a ga wayewar gari. Da gari ya waye aka ce maijego ba ta fita kafin suna sai da izinin mijinta, mijin kuma wayarsa ba ta shiga. Ƙanensa ya yini yana hawa tudu neman layi. Da aka same shi bai yi musu ko kaɗan ba, cewa ya yi me ake jira, amma ragon suna na ɗaure a gidan, kuɗin mota kuwa babu, sai da aka ranto. Mun tura su babbar likita a daren. Babu mugu ko ɗaya a cikin mutanen nan, kowa jiran wani yake yi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Magidancin da zai tafi bida ya bar mace da ciki, ya kamata ya tara mahaifiyarsa da ƙanensa da matar, ya faɗa da bakinsa a gabansu cewa ya ba da izini, ko dare ko rana, a kai ta likita idan naƙuda ta zo ko wani abu ya taso mata ko jinjirin, ba sai an neme shi ba. Ya ware kuɗin mota daban da na rago, ya kuma yi magana da mai mota ko mai babur tun da wuri. A ƙarshen shekarun 2000 aka soma makarantar mazaje a jihar Damagaram da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, daga baya abin ya bazu zuwa wasu jihohi. Tunani ne mai kyau, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a yi wa kakanni irinsa.

Ba zan rufe ido ga namu gefen ba. Tun zamanin Shugaba Tandja Mamadu aka mai da fiɗar haihuwa kyauta a 2005, awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 suka biyo baya a 2006, a 2024 kuma hukumomi suka sanar da cewa haihuwa kanta ta zama kyauta a gidajen likita na gwamnati. Amma idan kuɗin da ya kamata a mayar wa gidan likita ya makara, magani ya yanke, odonas, wato takardar sayen magani, ake miƙa wa dangi su tafi farmasi, talaka kuma ya koma gida yana cewa kyautar ta baka ce. Ga kuma halin wasu ma'aikata. Tsohuwa ta rako ƴarta tun daga ƙauye, a tsayar da ita a bakin ƙofa, a daka mata tsawa a gaban jama'a don an ga ƙullin magani a bakin zanenta, sannan bayan sa'o'i kaɗan a sallami maijego a miƙa wa tsohuwar nan jinjiri ba tare da an ce mata uffan ba. Wadda aka wulaƙanta haka ba za ta yi ɗokin dawowa ba, ba kuma za ta bi umarnin wadda ta wulaƙanta ta ba. Ungozomar gari ma, tun da aka ce aikinta yanzu rakiya ne, ya dace idan ta kawo mai naƙuda a tarbe ta da mutunci, a kira ta inna, a bar ta ta zauna kusa.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi mai yawa. Ƙa'ida ita ce mai haihuwa ta yi aƙalla sa'a 24 a gidan likita kafin sallama, a yi wa jinjiri allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna, a sake duba su a rana ta uku, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, da kuma bayan mako 6. A lokacin sallamar nan a shigo da kakar, a ba ta kujera, a yi bayanin da ita. A nuna mata cewa jinjirin da ya ƙi nono, ko numfashinsa ke sauri har ya kai 60 a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana zabura yana sandarewa, ko shawara ta fito masa tun ranar farko ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ba a kwana da shi a gida, ko da gobe ne suna. Duban rana ta uku kuwa, tun da al'ada ta hana maijego fita, ƴan sa-kai na lafiya da ke ƙauyuka su riƙa bin ta har ɗaki.

Limamai ma na da dama a hannunsu, domin ba taron da ke haɗa mazan unguwa da sassafe kamar raɗin suna, kuma minti biyu bayan fatiha sun isa a tuna wa waɗanda matansu ke da ciki abin da ke kansu. Gidajen rediyon Tawa da Ƙonni da Madawa su sa tsofaffi mata su yi wa ƴan uwansu tsofaffi magana da harshen Adar. Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilinku ya zauna da ungozomomi da wanzamai da kakanni a ƙauyukan Keita ko Buza ko Illela, ya ji dalilansu daga bakinsu, ku buga su tare da amsar ma'aikatan lafiya a shafi ɗaya.

Wassalam.

Taku,
Wata tsohuwar saji-fam,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.